Kafin Ka Sa Sifana a Sandar Turbo: Shawarwari ga Mai Mota

Motocin da ake shigo mana da su yanzu, ko 'yan Kwatano ne ko na tashar jirgin ruwan Legas, injinansu sai ƙanƙancewa suke yi, ƙarfinsu kuwa yana ƙaruwa. Sirrin dai turbo ne. Honda CR-V ta 2017 da Accord ta 2018 akwai masu injin lita 1.5 kacal, Ford Escape na da EcoBoost, Lexus na da NX 200t, Peugeot 508 na da 1.6 THP, ga kuma Hilux mai dizal. Dabarar ta tsufa, domin tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta, a 1962 kuma kamfanin General Motors ya sa ta a motocin hawa na kasuwa. Mu ne dai ta iske a makare.

Yadda abin yake ba wuya. Hayaƙin da ke fita daga injin shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura wa injin iska da ƙarfi. Da za a bar su, hayaƙi ya ƙara iska, iska ta ƙara hayaƙi, sai wani abu ya fashe. Shi ya sa aka yi wata 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙin, wadda ake kira wesget: da zarar matsin iska ya kai inda ake so, sai ta buɗe, wani hayaƙin ya kewaye farfela ya wuce salansa abinsa. Abin da ke buɗe ta wani ɗan gwangwani ne mai sifiri da fatar roba a ciki, da sanda mai noti da ta haɗa shi da hannun ƙofar.

Wannan sanda ita ce kowa ke son taɓawa da zarar mota ta yi sanyin jiki. Ni ma na taɓa, na kuma biya kuɗin makaranta a gareji fiye da sau ɗaya. Ga abin da na tsira da shi.

1. Fara sanin irin ƙofar da ke motarka.
Iri uku ne. Akwai wadda matsin iskar turbo ke turawa ta buɗe, ita a rufe take kwana. Akwai wadda zuƙar iska ke jawowa ta rufe, kamar ta injin N54 na BMW, ita kuma a buɗe take in an kashe mota. Akwai kuma mai ƙaramar motar lantarki, irin ta Honda 1.5 da Hyundai Sonata 2.0T da sababbin Volkswagen. In ka ga siririn tiyo ya shiga gwangwani, ɗaya daga cikin biyun farko ce, in kuwa soket mai wayoyi ka gani, ta lantarki ce, kuma dokokinta daban suke.

2. In dizal ce, tabbatar tana ma da ƙofar.
Injinan Hilux da Prado irin 1KD da 1GD ba su da wesget sam. Wasu ƙananan fukafukai ne a cikin turbon ke tsukewa su buɗe don daidaita gudun hayaƙi. Ciwonsu shi ne baƙin hayaƙi ya daskare musu su kasa motsi, musamman in motar cikin gari kawai take yawo. Maganinsu wanki ne da doguwar tafiya jefi-jefi, ɗan notin nan mai ɗigon fenti da ke jikinsu kuwa a masana'anta aka saita shi, ka bar shi yadda ka gan shi.

3. Nemi adadin da kamfani ya ɗora wa injinka.
Ba za ka san iska ta yi kaɗan ko ta yi yawa ba sai ka san inda ya kamata ta tsaya, kuma adadin yana cikin littafin gyaran motar, ba a bakin 'yan majalisa ba. Riƙe wannan lissafi don kada rubuce-rubuce su ruɗe ka: bar 1 daidai yake da kPa 100, daidai kuma da psi 14.5. Turawan Amurka da psi suke magana, na Turai da bar, na'urar gwaji kuma sau da yawa da kPa.

4. Sayi ma'auni kafin ka sayi sifana.
'Yar na'urar nan ta ELM327 da ake cusawa a soket ɗin OBD ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, kuɗinta bai kai na cika tanki ba, kuma za ta nuna maka matsin iska da zafinta kana tafe. In motar tsohuwa ce, gejin allura da aka jona da tiyo a bayan maƙogwaron totur ya wadatar. Jikinka ba ma'auni ba ne: duk ranar da ka kashe kuɗi a gareji sai ka ji kamar motar ta ƙara gudu.

5. Cire nauyin iskar gari daga lissafinka.
Yawancin na'urorin waya suna haɗa iskar da muke shaƙa da wadda turbo ta ƙara su ba ka jimilla. Kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, ka rubuta abin da ka gani: a Legas wajen kPa 101 ne, a Kano wajen 96, a Jos kuwa, saboda tudunta ya kai mita 1,200, wajen 88. In ka taka totur a Kano ka ga 196, to turbonka kPa 100 ta ƙara, wato bar 1, ba bar 2 ba kamar yadda wani abokina ya yi ta shelantawa har mako guda.

6. Rubuta lambobin ƙorafi kafin a goge su.
P0299 na nufin iska ba ta kai ba, P0234 na nufin ta wuce gona da iri. Masu gwaji da yawa suna saurin gogewa don wutar dashbod ta mutu ka ji daɗi ka biya, alhali lambar ita ce shaidarka. Ɗauki hotonta, har da bayanin da ke biye da ita na gudun injin da zafinsa a lokacin da abin ya faru.

7. Zargi tiyo kafin ka zargi turbo.
A duk motocin da na ga sun rasa ƙarfi, ɓarawon da na fi kamawa shi ne tiyon iska da ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ko maɗaurinsa da ya yi sako-sako. Bi manyan tiyon da hannu tun daga turbo har injin, ka nemi inda ya yi danshin mai ƙura ta manne, domin nan iska ke zurarewa. In kana son tabbaci, a toshe bakin shigar iska, a hura psi 5 zuwa 10, a yayyafa ruwan omo a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, ka gama bincike da kuɗin garin sabulu.

Abin da ya sa na nace a nan: in iska na zurarewa kai kuma ka ƙara ɗaure sanda don cike giɓin, turbon ce za ta ninka wahala. Abu ne da a aikinsa na yau da kullum yake juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya, ƙanana ma suna haura 200,000. Ba shi da sauran wurin da zai ɗauki kayan wani.

8. Duba matatar iska da intakula, musamman da hunturu.
Ƙurar Disamba da Janairu tana toshe matata tun kafin lokacin da littafi ya ce a canja, turbo kuma ba ta iya tura abin da ba ta samu zuƙowa ba. Intakula, wato ɗan lagireton nan da ke sanyaya iska a gaban mota, yakan cika da laka da ƙwari da ledar pure water. Wanke shi da ruwa mara ƙarfi don kada haƙarƙarinsa su lanƙwashe. Kada ka yarda a yi ta busa tsohuwar matata da iskar mai faci, takardar na yagewa, ƙura kuma kan farfela take sauka kai tsaye.

9. Sabunta ƙananan tiyon gwangwani.
Zafin injin yana gasa su har su yi tauri su tsage a baki, kamu biyu na sabon tiyo kuma ba wani kuɗi ba ne. Tsakaninsu akwai wani ɗan bawul na lantarki da ƙwaƙwalwar mota ke amfani da shi wajen sarrafa ƙofar, masu Volkswagen da Audi sun san shi da N75. Cire tiyo ɗaya ka mai da ɗaya, domin in ka cire duka ka juya musu baki, motar za ta yi abin da ba ka taɓa gani ba.

10. Gwada gwangwanin da famfon keke.
Ga mai aiki da matsi, jona famfon hannu mai geji a bakin gwangwanin, ka hura a hankali, idonka na kan sanda: adadin da ta fara motsi a kansa shi ne ƙarfin sifirinka, rubuta shi. Tsaya da hurawa ka kalli allura. In tana sauka da kanta, fatar robar ciki ta huje, sai sabon gwangwani. Ga mai aiki da zuƙa, babban sirinji da ɗan tiyo zai nuna maka ko sandar na tafiya sumul, amma ko kusa kada ka kai bututun mai faci wurin, iskarsa ta fi ƙarfin fatar nesa ba kusa ba.

11. Jijjiga hannun ƙofar ka ji.
Zare sandar daga hannun, ka motsa shi da yatsa: ya kamata ya tafi ya dawo babu cijewa, kuma kada ya yi rawa gefe da gefe. In yana rawa, ko kana jin kacau-kacau kamar an saki cokali a kwano duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, mazauninsa ya cinye, matsalar da ta yi suna a kan N54. Ɗaure sanda zai ɓoye ƙarar na 'yan watanni, amma ƙarfen da ya cinye ba ya tsirowa.

12. Bari injin ya huce sosai.
Hayaƙin injin fetur mai turbo yana iya haura digiri 900, gidan ƙarfen turbon kuma yana riƙe zafi tsawon lokaci bayan an kashe mota. Yi aikin da sassafe, ka fesa wa notin man sassauta tsatsa tun daren jiya.

13. Yi alama, ka ɗauki hoto.
Ɗiga fenti ko jan farcen uwargida a kan noti da sanda, ka ƙirga layukan zaren da suka rage a waje, ka rubuta a takarda ka jefa a aljihun mota. Ranar da gwaji ya ƙi, wannan takarda ce hanyarka ta komawa gida. Shimfiɗa tsumma a ƙasan wurin kuma, saboda ɗan kilif ɗin da ke riƙe sanda yana da halin tsalle, in ya faɗa cikin injin sai dai ka yi ta'aziyya.

14. Fahimci abin da gajarta sanda ke yi.
A ƙofar da ke aiki da matsi, gajarta sanda yana ƙara jan sifiri, ƙofar ta ƙara mannewa, ta jinkirta buɗewa. Tsawaita ta kuwa yana sa ta buɗe da wuri. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: rufe ƙofar da yatsa, ka daidaita sandar yadda raminta zai gaza kaiwa kan ƙusar hannun da kamar rabin rami, wato milimita 2 zuwa 3, sannan ka ɗan jawo ta ka saƙala. In ramin ya faɗa kan ƙusar ba tare da ka ja ba, ƙofar ba ta manne ba, hayaƙi na sulalewa, nan ƙarfinka ya tafi. In kuwa littafin motarka ya ba da nasa adadin, nasa za ka bi.

15. Rabin juyi, sai gwaji.
Sassauta notin kulle, ka juya kan sandar rabin juyi, ka mai da kilif, ka ɗaure noti, ka fita hanya. Riƙe sandar da filaya lokacin da kake kwance noti don kada ita kanta ta murɗe ta yaga fatar cikin gwangwani. Na san juyi uku a lokaci guda ya fi sauri, amma in sakamako ya ɓaci ba za ka san a wane juyi ya fara ba.

16. Kada ka shaƙe ƙofar.
Tafiyar sanda ƙayyadajjiya ce, duk milimitar da ka cinye wajen ɗaurewa ka rage ta ne daga faɗin buɗewar ƙofar. Sai ka ga a ƙaramin gudu komai lafiya, amma da injin ya hau sama hayaƙi ya rasa mafita, allura ta yi ta hawa ba birki. Ɗaure sanda gyaran ƙofa ne don ta rufe da kyau, ba hanyar neman dawakai ba.

17. Ku fita gwaji ku biyu.
Kai ka kalli hanya, abokinka ya kalli waya ko geji. Bayan injin ya yi ɗumi, sa giya ta 3, ko ka kulle ta a 3 in atomatik ce, ka taka totur har ƙasa daga juyi 2,000, kuma hawan tudu mara cunkoso ya fi, domin injin zai ɗauki nauyi ba tare da gudu ya wuce doka ba. Abu uku zai gani: allura ta yi ɗan tsalle ta dawo ta zauna, wannan in kaɗan ne ba laifi, ta zauna sannan ta ɗan sauka can sama, wannan halin ƙananan turbo ne, ko ta yi ta hawa ba tsayawa, wannan kuwa ɗaga ƙafarka nan take.

18. Sifiri ne ƙasa, ba ka sauka ƙarƙashinsa.
Duk na'urar ƙara iska da za a sayar maka, ko mai ƙwallo da sifiri da ake murɗawa da hannu ko ta lantarki, aikinta ɗaya ne: ta ɓoye wa gwangwani wani ɓangare na matsin don ya makara wajen buɗewa. Saboda haka ƙarawa kawai take iyawa, kuma masu sana'ar kan ce kada a nemi fiye da ninki biyu na ƙarfin sifiri, bayan nan hayaƙi da kansa zai riƙa ture ƙofar. In rage iska kake so ƙasa da sifirinka, sai dai a sa sifiri mai laushi; in ka sayi ta hannu kuma, fara da ita a kwance gaba ɗaya.

19. Kada ka cire tiyo, kada ka ɗaure ƙofa da waya.
Wani bakanike ya taɓa yi mini wannan a matsayin kyauta: ya zare tiyon gwangwani ya toshe shi da ƙusa, ya ce in je in ji yadda mota ke tashi. Ta tashi kuwa, kwana tara, rana ta goma gasket ya ƙone a kan hanyar ɗaurin aure, na isa a bayan a-kori-kura da babbar rigata. A ƙofa mai aiki da matsi, cire tiyo na nufin ba za ta taɓa buɗewa ba, ka kori mai gadi ke nan ka bar gida a buɗe.

20. In motar ta zamani ce, ƙwaƙwalwarta za ta warware aikinka.
Tana da adadin da take nema, tana auna shi sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, in ka ɗaure sanda sai ta ƙara buɗe ƙofa ta dawo da shi inda yake. In ta kasa, sai ta kunna wuta ta rage wa injin ƙarfi, ka koma gida kana rarrafe. Masu motar lantarki a jikin ƙofa kuwa, ana saita tsawon sandarsu ne da karatun wuta a na'urar gwaji, sannan a sa ƙwaƙwalwar ta sake koyon iyakar buɗewa da rufewa, don haka kada ka ba wanda ba shi da na'urar.

21. Duba murfin tanki ka ga irin fetur da take so.
Lambar Amurka da ta sauran duniya ba ɗaya ba ce: 87 na Amurka kusan 91 ne a ma'aunin RON, 91 nasu kuwa kusan 95 ne. Accord 1.5 an yi ta ne ta sha 87, amma NX 200t da yawancin BMW da Marsandi masu turbo 91 na Amurka suke nema, mu kuwa a yawancin gidajen manmu famfon fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so. Motar da tun a adadin kamfani take haƙuri da man da ke ƙasa da buƙatarta, ƙara mata iska neman gira ne da zai ci ido.

22. Koyi jin ƙarar tsakuwa.
In man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cin sa, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara lokacin da ka taka totur. Wannan ba shi ne abin da muke cewa injin ya yi nokin ba, amma shi ne hanyar zuwa can, domin yana farfasa gefen fistin. Kashe rediyo da na'urar sanyi lokacin gwaji, ka sauke gilashi, in ka ji ko sau ɗaya ne koma kan alamar fentinka.

23. Gwada da rana tsaka, ka sake gwadawa da asuba.
Saitin da ya zauna lafiya da sanyin Janairu zai iya kawo ƙarar tsakuwa a Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 kuma intakula ba ta da iska mai sanyi da za ta yi aiki da ita. Sanyin asuba kuma yana sa allura ta fi tsalle, musamman in na'urar hannu ka sa, tunda ita ba ta san yanayi ba. Saita wa mafi munin lokacin shekara, sauran watanni za su kula da kansu.

24. Leƙa salansa ka ga ko indominka na nan.
Matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, da yawa an fasa an kwashe ta tun kafin motar ta iso hannunka, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. In babu ita, hayaƙi ya fi samun sauƙin bi ta farfela fiye da ta 'yar ƙofar, sai iska ta riƙa wuce adadi ko da ƙofar a wangale take. In kuwa tana nan amma ta toshe, akasin haka za ka gani, mota ta yi nauyi, kuma babu juyin sanda da zai gyara ko ɗaya daga cikin biyun.

25. Yi lissafin ribar kafin ka sa kai.
A ce motarka na kan psi 10. Haɗa da 14.7 na iskar gari a bakin teku, jimilla 24.7. Ka ƙara psi 2, iskar ta ƙaru da kashi 8 cikin ɗari a takarda, a hanya kuwa ba za ta kai haka ba, saboda iskar da aka ƙara matsewa ta fi zafi. Ni dai a ganina, sababbin fulogi irin waɗanda littafi ya ce, da matata mai tsabta, da tiyon da ba ya yoyo, sun fi dawo wa tsohuwar mota da abin da ta rasa.

26. Ƙarar "tsss" ba ta wesget ba ce.
Wani bawul ne daban a ɓangaren iska, mai sakin matsi lokacin da ka ɗaga ƙafa, kuma na kamfani yana mai da iskar ciki ne shiru. In ɗanka ya matsa a sa mai fesarwa waje don a ji shi a layi, ka sani a motar da ke auna iska tun daga bakin matata, ƙwaƙwalwa ta riga ta zuba man iskar da aka zubar, sai hayaƙi da shan mai da mutuwa a danja.

27. Baƙin mai shi ne ran turbo.
A kan siririn mai sandar farfela ke shawagi, don haka man jarka na bakin titi ba naka ba ne. Nemi mai alamar API SP, wadda ta fito a 2020, ko SN Plus ta 2018, domin an yi su ne don ƙananan injinan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, waɗanda ke da halin fashewar mai kafin lokaci in an danne totur a babbar giya injin na ƙaramin gudu. In ka sauko daga doguwar tafiya, kamar Kaduna zuwa Kano, ka shiga gidan mai, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin ka kashe, don kada man da ya tsaya a cikin turbo ya soye ya zama gawayi.

28. In da gaske ƙarin ƙarfi kake so, tambayi mai saitin abu uku.
Na ɗaya, da me zai auna haɗin iska da mai, domin a tafiyar yau da kullum kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na fetur, amma in turbo ta ɗauka sai ya sauko wajen 12 ko ƙasa don silinda ta samu sanyi. Na biyu, ko famfon mai da nozul za su iya ciyar da ƙarin iskar. Na uku, ko kuloci ko giyar za su ɗauka, musamman giyar CVT mai bel irin ta Honda 1.5, wadda gyaranta ba wasa ba ne. In ya fito da na'ura ya nuna maka lambobi kafin aiki da bayansa, zauna ku yi ciniki. In ya ce shi da kunne yake saitawa, karɓi makullinka ka yi masa sai an jima.